Tsohon Yashin Zubi: Shara Ce Ko Kayan Gini?

Darasi domin ƙungiyoyin manoma na Kademi da kewaye

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan gini yake. Kusan kowace ƙungiya a ƙasar Gaya da Ajingi tana da gini a gabanta. Waɗansu suna so su gina sito domin ajiyar hatsi da taki. Waɗansu ɗakin kaji suke nema, ko katangar garke. Waɗansu kuwa gyaran abin da ruwa ya rushe suke yi, gama ba mu manta da daminar 2022 ba, sa'ad da ambaliya ta ci gidaje masu yawa a Ajingi da wajen maƙwabtanmu na Jihar Jigawa. Ga shi kuma kayan gini sun yi tsada. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa. Yashi ma, wanda a da ake ganinsa kamar kyauta, yanzu sai an biya mai tifa da masu loda da kuɗin mai kafin ya iso daga kogi.

Saboda haka, in wani ya zo ya ce, "Ga yashi tuli a bayan wata ma'aikata a Kano, ku kawo mota ku kwashe kyauta," lalle ran ma'aji zai yi fari. To, mu karɓa ko mu ƙi? Akwai irin wanda za mu karɓa. Akwai kuma irin wanda ko da kuɗi aka haɗa mana da shi ba za mu taɓa ba. Nufin wannan darasi shi ne kowace ƙungiya ta iya rarrabewa.

1. Ba sabon abu ba ne a ƙasarmu

Yin gini da abin da wata sana'a ta zubar tsohuwar dabara ce a ƙasar Kano. Ku tambayi tsofaffin magina labarin laso. Marina sukan kwashe abin da ya kwanta a gindin karofi, a busar da shi, a ƙone, a daka. Shi ne katsi. Majema kuma sukan tara gashin da suka kankare daga fata, watau gashin jima. Sai magini ya haɗa katsi da gashin jima da ruwan dafara, ya sami laso. Da shi ake shafe rufin soro domin kada ya yi yoyo. Haka nan makuba, daga ɓawon ɗorawa ake yin ta. Shara ce a hannun wani, ta zama kayan aiki a hannun wani.

Aikin ƙarfe ma ba baƙo ba ne a wurinmu. Tarihin baka na Kano yana cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka je gindin Dala neman tama, suka zauna. Amma ku lura da abu ɗaya. Magini na da ya san katsi, ya san inda ya fito, ya san abin da ke cikinsa. Mu ma haka ya wajaba mu san yashin zubi kafin mu sa shi a bango.

2. Mene ne yashin zubi?

Maƙeri yakan gasa ƙarfe ya buga shi a kan uwar maƙera. Mai zubi kuwa narkar da ƙarfen yake yi har ya zama ruwa, sa'an nan ya zuba shi cikin gurbi. Da yashi ake yin gurbin nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar alminiyum ya ga yadda ake yi. Ana sa tukunyar misali cikin akwatin katako, a cika da ƙasa mai ɗan damshi, a danna sosai, a cire tukunyar, sai siffarta ta zauna cikin ƙasar. A zuba narkakken ƙarfe, in ya huce a fasa ƙasar a fid da sabuwar tukunya.

Manyan ma'aikatu ma haka suke yi, sai dai da injuna. A Nijeriya akwai irinsu, kamar Nigerian Foundries da aka kafa a Legas a 1969. A birnin Kano kuwa akwai ƙananan masu zubi da yawa, masu yin tukwane da ludayi da kayan gyaran inji.

Yashin da ma'aikatun zubin baƙin ƙarfe suke aiki da shi yakan ƙunshi abu huɗu. Mafi yawansa, wajen kashi 85 zuwa 95 cikin 100, tsabtataccen yashi ne mai laushi. Sa'an nan wani irin yumɓu mai danƙo da ake kira bentonait, wajen kashi 4 zuwa 10, domin yashin ya kama jikinsa. Sai garin kwal kaɗan, domin fuskar ƙarfen ta fito sumul. Shi ya sa yashin yake baƙi. Na huɗu shi ne ruwa kaɗan. Akwai kuma wani iri dabam wanda ba a sa masa yumɓu, sai wani ruwan danƙo na kimiyya da yake sandarar da shi kamar dutse.

Ba sau ɗaya ake aiki da yashin nan a zubar ba. Ana ta juya shi. Amma zafin ya yi yawa. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa akan zuba shi yana wajen digiri 1,400. A hankali yumɓun yakan ƙone ya daina danƙo, ƙwayoyin yashin su farfashe, ƙura ta yi yawa. Daga nan gurbi ba ya fitowa da kyau, sai a kwashe a zubar. Wannan shi muke kira tsohon yashin zubi.

3. Abin da aka gano a waɗansu ƙasashe

A 2004 hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta fid da littafin jagora domin injiniyoyi a kan wannan yashi. A lokacin, ma'aikatun ƙasar suna juya yashi wajen tan miliyan 100 a shekara, suna zubar da tan miliyan 6 zuwa 10. Maimakon a binne shi duka a juji, sai aka shiga yin ciko da shi, da shimfiɗar ƙarƙashin hanya, ana kuma sa shi a kwalta da wurin yin siminti.

A 2014 hukumar kare muhalli ta Amurka, tare da ma'aikatar gona ta ƙasar da Jami'ar Jihar Ohayo, suka kammala bincike a kan haɗarinsa. Suka ce yashin da ya fito daga zubin baƙin ƙarfe da ƙarfen karafa da alminiyum ana iya aiki da shi a shimfiɗar hanya da waɗansu ayyuka ba tare da cutar da mutane ba. Amma ba su sa yashin zubin tagulla da gaci cikin wannan izini ba, gama irin wannan yakan ɗauki dalma.

A Indiya kuma, Farfesa Rafat Siddique na Jami'ar Thapar da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwaji a 2009. Sun rage yashin kankare da kashi 10, da 20, da 30 cikin 100, suka cika gurbin da tsohon yashin zubi. Ƙarfin kankaren bai ragu ba, har ya ɗan ƙaru. Waɗansu masu bincike kuwa da suka gwada yashin waɗansu ma'aikatu sun ga ƙarfin yana raguwa in aka ƙara yawansa. Darasin da ke nan shi ne, yashin zubi ba iri ɗaya ba ne. Na wannan ma'aikata dabam, na waccan dabam. Abin da ya yi kyau a Indiya ba shaida ba ne a kan tulin da aka nuna mana a Kano. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Akwai wani dalili kuma da ya sa duniya ta damu. A 2022 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce ana kwasar yashi da tsakuwa wajen tan biliyan 50 kowace shekara. Mu manoma mun san abin da kwasar yashi take yi. Inda aka haƙe kogi ya yi zurfi, gaɓa takan zube, gonar fadama ta tafi da ita. Kowane baro na tsohon yashi da ya shiga gini, baro ɗaya ne da aka bar wa kogi.

4. Wanda za a ƙi

Maganar dalma ba abin wasa ba ce. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Iyayensu suna kawo duwatsun zinariya gida suna niƙawa, ƙurar ta gauraya da ƙasar tsakar gida, yara suna wasa suna kai hannu baki. Dalma ba ta da wari, ba a gane ta da ido. Yaron da bai mutu ba ma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har iyakar ransa. Saboda haka, ku ƙi waɗannan gaba ɗaya:

(a) Yashin wurin da ake zubin tagulla ko gaci.
(b) Ƙasa ko toka daga wurin da ake fasa tsohon batir ana narka dalma.
(c) Tulin da aka gauraya shi da kashin maƙera, da toka, da baƙin mai, da ƙurar da aka share daga ma'aikata.
(d) Yashi mai warin magani, ko mai dunƙule masu tauri waɗanda ruwa ba ya narkar da su, sai in an auna shi a ɗakin gwaji.
(e) Duk yashin da mai shi ya ƙi faɗin inda ya fito.

To, yashin ƙananan masu zubin tukunya fa? A nan sai mu yi hankali. Su ba sabon alminiyum suke narkawa ba, tsofaffin kaya ne: gwangwani, kayan injin mota, da duk abin da 'yan gwangwan suka kawo. Wani bincike da aka buga a 2014 ya sami dalma cikin irin waɗannan tukwane a ƙasar Kamaru. In dalma tana iya shiga tukunya, ba za mu ɗauka ƙasar da aka zuba ta ciki tsarkakakka ce ba. Irin wannan, kada a yi aiki da shi sai an auna.

Ina za a auna? A Wudil akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda aka kafa a 2001, a Kano kuma akwai Jami'ar Bayero. Dukansu suna koyar da aikin injiniya na gine-gine da ilmin haɗa magunguna. Wakilan ƙungiya su je su tambayi yadda ake karɓar samfur da abin da za a biya. Ku ɗebo samfur daga wuri biyar a jikin tulin, sama da ƙasa da tsakiya, ku gauraya, ku ƙulle a sabuwar leda, ku rubuta rana da wuri. Ku roƙi mai ma'aikatar kuma ya ba ku takarda mai faɗin irin ƙarfen da yake narkawa. Mai gaskiya ba zai ƙi ba.

5. Halin yashin zubi a cikin gini

A ce an auna, ba dalma. Har yanzu da sauran sani, gama yashin nan yana da hali uku da suka raba shi da yashin kogi.

Na ɗaya, yana da laushi ƙwarai, ƙwayoyinsa kuma kusan girmansu ɗaya. Ya fi kama da rairayi. Bulo mai ƙarfi yana son yashi mai manya da ƙananan ƙwayoyi a gauraye, domin ƙanana su cika tsakanin manya.

Na biyu, yana shan ruwa. Laushinsa da yumɓun da ke ciki sukan sa kwaɓi ya yi ƙarfi a shebur, sai ma'aikaci ya ƙara ruwa. Yawan ruwa kuwa shi ne babban abin da yake raunana siminti.

Na uku, yumɓu da garin kwal sukan lulluɓe ƙwayoyin yashi, su hana siminti kama su sosai. Za ku ga kuma bulon ya fito da duhu. Duhun ba laifi ba ne.

Saboda waɗannan, ba a yin bulo ko kankare da yashin zubi zalla. Surki ake yi da shi, kaɗan cikin mai yawa.

6. Gwaji na fari: tsabtace shi

Ku sami rariyar waya irin ta magina, mai ido kamar rabin santimita, ku tankaɗe. Ku zubar da dunƙule da gutsattsarin ƙarfe. Sa'an nan ku sa maganaɗisu cikin leda, irin na tsohuwar lasifika ya isa, ku ja shi cikin yashin. Zai kwaso ɓarɓashin baƙin ƙarfe. In aka bar su, za su yi tsatsa cikin bulo, su kumbura, su ɓantare fuskarsa. Amma ku sani maganaɗisu ba ya kama alminiyum. Shi sai rariya da ido. Kada a bar shi, gama alminiyum in ya gamu da ɗanyen siminti yakan fid da iska, bulo ya yi ramuka a ciki.

Bayan haka sai gwajin kwalba. Ku gauraya yashin kogi awo 5 da yashin zubi awo 1. Ku zuba cikin farar kwalba mai miƙaƙƙen jiki har ya kai santimita 10. Ku ƙara ruwa ya shanye kansa, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ku girgiza sosai, ku ajiye awa 3. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a kansa. Ku auna da rula. In kaurin lakar ya kai santimita 1, ta yi yawa domin aikin siminti. Sai a rage yashin zubi, ko a mai da shi wajen ciko.

7. Gwaji na biyu: bulon gwaji

Ma'aunin da aka yarda da shi domin bulo mai kyau shi ne siminti awo 1, yashi awo 6. Buhu ɗaya mai kilo 50 kwanon sarki 2 ne. Watau buhu ɗaya yana cin yashi kwano 12, ko baro 3. Wannan yakan ba da bulo mai inci 6 wajen 20 zuwa 25. Kun sani masu bulon kasuwa da yawa suna fid da abin da ya fi haka nesa daga buhu ɗaya, shi ya sa bulonsu yake marmashewa a hannu. Mu da za mu zauna cikin ginin, ba za mu cuci kanmu ba.

Ku yi kwaɓi huɗu, kowanne da siminti awo 2. In buhu huɗu ya yi wa ƙungiya nauyi, ku auna da ƙaramin bokiti, muddin dai awon ɗaya ne.

Kwaɓi na 1: yashin kogi 12, yashin zubi babu.
Kwaɓi na 2: yashin kogi 11, yashin zubi 1.
Kwaɓi na 3: yashin kogi 10, yashin zubi 2.
Kwaɓi na 4: yashin kogi 9, yashin zubi 3.

Mutum ɗaya ya buga duka, rana ɗaya, da ma'auni ɗaya. A gauraya a bushe har launi ya zama ɗaya kafin a sa ruwa. Ruwan ya zama daidai yadda in ka dunƙula a hannu zai kama, amma ba zai ɗiga ba. Magatakarda ya rubuta yawan ruwan da kowane kwaɓi ya sha. A sa lamba a jikin kowane bulo tun yana ɗanye. A ajiye su a inuwa, a rufe da buhu ko kara, a yi ta ba su ruwa safe da yamma har kwana 7 ko fiye. Kada a yi gaggawa. Sai ran kwana 28 za a yi hukunci.

Ran nan, a gaban 'yan ƙungiya duka, a yi abu uku. A ɗaga bulo zuwa ƙugu a sake shi a kwance a kan ƙasa mai tauri, a ga wanda ya fashe. A karce kowanne da ƙusa, a ga wanda yake zubar da gari. Sa'an nan a auna busasshen bulo a sikelin ƙungiya, a nutsar da shi cikin ruwa kwana ɗaya, a goge, a sake aunawa. Kada nauyin ya ƙaru fiye da kashi 12 cikin 100. Misali, bulo mai kilo 17 kada ya wuce kilo 19.

Kwaɓi na 1 shi ne alƙali. Duk kwaɓin da ya yi daidai da shi, ya ci. Wanda ya kasa, a bar shi. In ginin babba ne, a kai bulo uku uku ɗakin gwaji a matse su da inji. Ƙa'idar hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya ita ce, bulon bangon da ba ya ɗaukar nauyi ya jure wajen kilo 25 a kan kowace murabba'in santimita, na bango mai ɗaukar nauyi kuwa wajen kilo 35.

8. Inda ya dace da inda bai dace ba

Wurin da ya fi amfani shi ne ciko a ƙarƙashin daɓen siminti. Yumɓun da yake laifi a bulo, a nan taimako yake yi, gama yana sa yashin ya danne ya zauna. A zuba kauri inci 6, a yayyafa ruwa, a buga da madaɓi, sa'an nan a ƙara wani. A shimfiɗa leda mai kauri a kai kafin a zuba kankare. Ya dace kuma da cikon hanyar amalanke da bakin kwalbati, in za a rufe shi da burji. Amma kada a bar shi a fili, gama ruwa da iska za su kwashe shi.

Ya dace da bulon katanga, da garke, da bangon sito, in gwaji ya nuna, a kuma yi filasta daga ciki da yashin kogi.

Akwai kuma tubalin ƙasa da ake matsewa da inji. Wani injiniya, Raul Ramirez, ya ƙera irin wannan injin hannu mai suna CINVA-Ram a ƙasar Kolombiya, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Nijeriya kuma, wadda aka kafa a 1978, ta yi nata iri. In ƙasarku mai laka ce, irin ta bakin fadama wadda take tsagewa in ta bushe, surka ta da yashi yakan rage tsagewar. A nan yashin zubi yana iya shiga.

Ga inda ba za a sa shi ba ko kaɗan: ginshiƙi, da kan ƙofa, da dakali na sama, da duk kankaren da ake sa wa rodi, sai da izinin injiniya. Kada a sa shi a ginin rijiya ko tankin ruwa. Kada a sa shi a daɓen shanya hatsi. Kada a yi ciko da shi a fadama inda ruwa yake kusa, ko kusa da rijiya. A nisanta shi mita 30, kamar yadda muke yi da salga. Kada a zuba shi a gona ko a tsakar gida ko filin makaranta.

9. Lissafi kafin a tashi mota

Nan ne ƙungiyoyi da yawa za su tsaya. Daga Kano zuwa wajenmu tafiyar fiye da kilomita 50 ce. Ƙasarmu kuma jigawa ce, rairayi ba ya mana wuya. Abin da muke saye da tsada shi ne yashi mai ƙwari, yashin zubi kuwa ba ya maye gurbinsa sai kaɗan.

Bari mu yi misali. Bulo 1,000, a kan 25 kowane buhu, zai ci siminti buhu 40 da yashi kwano 480. In kwaɓi na 3 ne ya ci gwaji, yashin zubi zai zama kwano 80, watau baro 20. Kashi ɗaya cikin shida ke nan na yashin. A ce kuɗin yashin duka naira 120,000 ne. Abin da muka tsira da shi naira 20,000. Daga ciki za a fid da kuɗin mota, da na tankaɗe, da na gwaji. In kuma bulon ya yi rauni har sai an ƙara buhu ɗaya a kan kowane goma, buhu 4 ke nan. A kan naira 10,000, ya zama naira 40,000. Mun yi hasara. Waɗannan kuɗi misali ne kawai. Ku sa farashin kasuwarku na yau ku sake lissafin.

Ciko kuwa dabam ne. Sito mai tsawon mita 6, faɗin mita 4, in za a ɗaga daɓensa ƙafa ɗaya saboda ruwa, zai ci fiye da baro 100, kuma ana iya yin duka da yashin zubi. A nan riba tana iya fitowa, musamman in motar da ta kai kaya Kano za ta komo ba kome. Amma in motar hatsi ce, a shimfiɗa tampol a ƙasa, a rufe sama, a wanke ta sarai bayan an sauke. Buhun da ya ɗauki yashin zubi kada ya sake ɗaukar abinci.

10. Kiyaye lafiyar ma'aikata

Ko yashin da ba shi da dalma, ƙurarsa tana cutar huhu in an daɗe ana shaƙa, ciwon kuma ba ya warkewa. A yayyafa ruwa kafin a tankaɗe ko a loda. Mai aiki ya sa takunkumi, ya tsaya inda iska ba ta kaɗo masa ƙura. A wanke hannu da fuska kafin a ci abinci. Kayan aiki su kwana a wurin aiki. Kada a ari rariya ko kwanon mata. Yara da mata masu ciki su nisanci wurin, tulin kuma a rufe shi, gama yaro in ya ga yashi mai laushi sai wasa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Wane gini ne yake gabanmu bana? Baro nawa na yashin bulo zai ci, baro nawa na ciko?
2. Daga ina yashinmu yake fitowa, me kuma kwasarsa take yi wa gonakin mutanen wurin?
3. In aka yi mana tayin yashin zubi, waɗanne tambayoyi za mu yi wa mai shi?
4. Waɗanne wurare ne a garinmu ba za a zuba shi ba ko da kyauta ne?
5. Akwai tsohon magini a cikinmu ko cikin maƙwabta wanda ya san haɗin laso ko makuba? Yaushe za mu gayyace shi ya koya wa samari?

Aikin wannan wata: ko ba ku da yashin zubi a hannu, ku yi gwajin kwalba da yashin da kuke saye yanzu. Ku sayi bulo uku a kasuwa, ku buga uku naku a kan awo 1 da 6, ku gwada su tare bayan kwana 28. Magatakarda ya rubuta abin da aka gani, ya kawo taron gunduma, domin sauran ƙungiyoyi su ƙaru da shi.